Bin Ruwa Zuwa Tiga: Fita da Yara da Kakanninsu

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Bunkure ta aiko mini da tambaya. 'Ya'yanta huɗu ne, ita take koya musu karatun boko a tsakar gida da hantsi, mahaifinsu kuma yana biya musu allo a zaure bayan Asuba da bayan Magariba. Yaran sun ji labarin duwatsun Rano da dam ɗin Tiga, sun hana kowa sakat sai an kai su. Surukanta, Baba da Inna, su ma sun ce ƙafarsu ƙafar jikokinsu. Ita kuwa tana tsoron ɗawainiya, tana tsoron a wahalar da tsofaffi, kuma ba ta so a kashe kuɗi a dawo yara ba su ƙaru da komai ba.

'Yar'uwa, ki zauna da maigida ku tsara tafiyar nan, kuma kada ku yarda a bar tsofaffin a gida. Ki dubi shekarunsu. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Duk wanda ya kai shekara 70 a yau saurayi ne a lokacin. Ya san ƙasar nan tun ba a haƙa hanyar ruwa ko ɗaya ba, lokacin da noman rani sai mai fadama da jigo, da rani ya yi kuwa samari su tafi ci-rani. Ya ga farin 1973 da idonsa. Ya san mutanen da aka tasa daga garuruwansu domin ruwa ya kwanta a wurin. Wannan ilimi babu shi a littafin da kike koyarwa da shi, kuma Baba ba zai zauna a ɗaki ya zayyana shi haka kawai ba. Sai ya tsaya a bakin ruwan, jika ya ja masa riga ya tambaye shi, sannan bakinsa zai buɗe.

Shi ya sa shawarata ita ce a tsara tafiyar a matsayin bin sawun ruwa. Ku fara daga gonarku, kwana biyu ko uku kafin ranar. Ki kai yaran bakin ƙaramar hanyar da take shayar da shinkafarku ko tumatirinku, ki tambaye su: ruwan nan daga ina yake, kuma wa yake tura shi? Kada ki ba su amsa. Bari babban ya ce inji ne, ƙaramar ta ce daga rijiya. Amsar tana can a hanya. Ruwan da yake ratsa Kura da Bunkure da Kadawa gangarowa yake da kansa, domin Tiga ta fi gonakinmu tudu. Yana fitowa ta babban kanal, ya bi ta tafkin Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ya iso kunyar da suke tsaye a kai. Yaron da ya gano wannan da idonsa ya fahimci abin da ake nufi da gangare fiye da wanda ya haddace shi.

Batun lokaci kuwa, manomi ya fi ni sani, amma ga abin da na gani. Ranakun da suka fi daɗi su ne bayan an yanke shinkafar damina, ko cikin Disamba zuwa farkon Janairu, idan an gama shukar alkama kuma ɗibar tumatir ba ta kankama ba. Rana ba ta da zafi sosai, ciyawa ta bushe ana ganin inda ake taka ƙafa. Ki dai duba sama da safe: in hazo ya yi kauri, a ɗaga tafiyar, domin an hau dutse ba a hango komai ba, ga tari ga mura ga tsoho. Daga Maris zuwa Mayu kada ma a fara. Dutse yana shan rana ya riƙe, kafin azahar ba ya takuwa. Da damina kuma santsi ne da tsawa.

Na taɓa yin wannan kuskure da mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Muka tsaya jiran wannan da wancan, ba mu bar gida ba sai wajen ƙarfe 11. Da muka isa gindin dutse rana ta take, babu inuwa kusa, ya zauna a mota yana fifita da hula har muka sauko. Bai ce komai ba, amma har yau abin yana ci mini rai. Ku fita da an idar da Asuba an karya kumallo. A shirya kaya tun dare.

Mota a ɗauki shata, bas ko wata mai wadatar kujeru, wadda direbanta sananne ne a gari. A yi ciniki a kan yini ɗaya cur, a gaya masa za a riƙa tsayawa a hanya, don kada ya riƙa danna ham yana gaggauta ku. Kada a loda yara a bayan a-kori-kura ko 'yar kurkura don sauƙin kuɗi. In kuɗin ya yi nauyi, ku haɗa da gidan ƙanin maigida ko maƙwabta, wanda ma alheri ne ga yaran da suke karatu a gida, su samu abokan tafiya. Baba ya zauna gaba kusa da direba saboda gwiwa. Inna a ba ta bakin taga, a sa jikan da ya fi shaƙuwa da ita a gefenta. Ke kuma ki koma can baya, kunyar surukuta ta samu wurin zama, tsofaffi su sake da jikokinsu su yi ta wasansu na miji da amarya. A cikin wannan barkwanci ne labarai suke fitowa.

Daga ƙauyenku za ku shiga hanyar Bunkure, ku wuce Rano, sannan Rurum, sai Tiga. Kuna doso Rano ƙasa za ta fara sauyawa, duwatsu su fara leƙowa ta bayan gonaki. A nan ki gaya musu cewa Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma mutanen dā suna son zama kusa da dutse saboda tsaro da hangen nesa. Kada ki zaɓi dutse mafi tsawo. Ki nemi fa mai shimfiɗa, mai sauƙin hawa, da itace mai inuwa a gindinsa. Kafin kowa ya taka, maigida da Baba su je su gaida mai unguwa ko dattawan wurin, su nemi izini, su roƙi a haɗa ku da saurayin da ya san hanya, a sallame shi da abin goro. Mutanen gari sun san inda ake hawa da inda ba a hawa, kuma in suka ce kada a bi ta wani wuri, a ji maganarsu ba tare da gardama ba.

Tsofaffi ba sai sun hau ba. A shimfiɗa musu tabarma a inuwa, da buta da ruwan sha da goro, a bar mutum ɗaya babba tare da su. Aikin yara shi ne su hau tare da mahaifinsu, su dubi gabas da yamma, su sauko su kawo wa kakanninsu rahoto. Su tsinko ganye daban-daban a hanya, Inna ta faɗa musu sunan kowanne da amfaninsa: wannan kanya ce, wannan marke, wannan ɗorawa da ake daddawa da kalwarta, wancan gawo da yake kaɗe ganyensa da damina ya tofo da rani. Mai iya rubutu ya rubuta, da boko ko da ajami, duk wanda hannunsa ya fi faɗawa.

A kan dutse doka biyu ce ba sassauci. Kowa da takalmi mai rufi, ban da silifas. Kuma ba a zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, saboda kunama da kububuwa. In tsautsayi ya gitta maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi babban asibiti mafi kusa nan take. Mai goyo kada ta hau da jariri a baya.

Idan kun isa Tiga, ku tuna wuri ne na hukuma, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A yi sallama da masu gadi, a faɗi abin da ya kawo ku, a tambaya kafin a ɗauki hoto. Sannan ki bar yaran su yi shiru su kalli ruwan tukuna, kada ki fara darasi da wuri. In sun dawo hayyacinsu sai lissafi. An gina tafkin nan ne don ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Ki bar babban ya gwada ninkawa a ƙasa da tsinke. Ki nuna musu kudu, inda Kogin Kano yake gangarowa daga tuddan da suka nufi Jos, ki gaya musu cewa bayan ya bar nan yana haɗuwa da Kogin Challawa, su zama Kogin Haɗeja, su ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ruwan da muka tare a nan, akwai masunta da makiyaya da manoma a can ƙasa da suke jiransa. Ya kamata ɗan Bunkure ya tashi da sanin haka.

Babu wanka, babu wasa a baki, ko a tafkin ko a kanal. Gefen babban kanal siminti ne mai santsi, ruwan yana da ja, wanda ya zame da wuya ya kama wani abu. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ƙananan katantanwa suke zaune, cutar da ta daɗe tana damun yaran yankinmu. In masu kwalekwale sun yi tayi, matuƙar babu rigar ruwa ga kowane yaro, a yi musu godiya a wuce.

Guzuri a yi wanda ba ya lalacewa da wuri: dambu, gurasa da ƙuli, dafaffen ƙwai, dabino, rake. Fura a tafi da ita a dunƙule a dama a can. Ruwan sha daga gida, ya fi abin da kike zato yawa, da ƙullin gishiri da sukari na kemis ko biyu. Maganin hawan jini ko na suga na Baba da Inna ki riƙe shi a jakarki da kanki, kuma mai ciwon suga kada a bar shi da yunwa don ana jiran a isa wani wuri. Tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba, sallah cikakkiya za a yi. Ku yi Azahar a can, ku kamo hanya, La'asar ta same ku a gida ko kusa da gida.

Za a ce muku ai duwatsun gaske suna Riruwai a ƙasar Doguwa, inda aka haƙi kuza zamanin Turawa. Gaskiya ne, amma hanyar ta dajin Falgore take bi, ga nisa, ga matsalar tsaro da aka sha fama da ita a dajin. Ba tafiyar yara da tsofaffi ba ce. In kuna son fita ta biyu, ku shiga birni: Dutsen Dala yana da matakala, daga samansa ana ganin Kano har Goron Dutse, a ba su labarin Barbushe, a ƙarasa Gidan Makama.

Washegari kada a buɗe littafi. Ki share tsakar gida, ki ba su gawayi da tsakuwa da ƙasa mai laima, su gina Tiga da Ruwan Kanya da kanal har zuwa gonarku, su zuba ruwa da buta su ga ko zai gangara. A ɗauko wa Baba kujera, a shimfiɗa wa Inna tabarma, su ne masu duba aiki. Inda yara suka sa Rurum kafin Rano in an taso daga gida, Baba zai gyara musu da bakin sandarsa.