YARON DA BA YA AMSA KIRA: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu, saboda gabansu a kan fara kai maganar duk abin da ya dami ƙauye ko unguwa. Wani lokaci dagaci ya kan kawo labarin yaro wanda ya kai shekara huɗu ko biyar bai buɗe baki ba, ba ya amsa kira, ba ya shiga wasan tsararrakinsa, in kuwa an taɓa kayansa sai ya ɓarke da kururuwa. Wasu su ce hauka ne, wasu su ce shafar aljanu, wasu ma su ce ɗan ruwa ne. To, abin da hakimi ya faɗa a ranar, da abin da magatakarda ya rubuta, su ne za su yi wa yaron nan hanya, ko dai zuwa asibiti da makaranta, ko kuwa zuwa turu da mari. Saboda haka ya wajaba a sani cewa da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna da wata halitta wadda likitoci ke kira otizim, ita kuwa ba hauka ba ce.

Ma'anar Otizim

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ke ginuwa tun yana ciki. Alamunsa su kan bayyana kafin a cika shekara 3, kuma mutum ya kan rayu da shi har tsufa. Abu biyu ya ke shafa. Na farko shi ne cuɗanya da mutane: yaron ya kan kai wata 12 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ya kai wata 18 ba ya nuna wa uwarsa abu da yatsa, ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko kuwa ya dinga maimaita abin da aka faɗa masa. Na biyu shi ne son abu ɗaya kullum: jera duwatsu ko murafai, kaɗa hannuwa, ƙin sabon abinci, da toshe kunne saboda ƙarar injin niƙa. Amma fa a lura, sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, ba alama ba ce. Abin dubawa shi ne yadda yaro ya ke da uwarsa da 'yan'uwansa.

Ba dukansu suka zama ɗaya ba. Wani ba zai yi magana ba har abada, sai an dinga kula da shi. Wani kuwa zai sauke Alƙur'ani, ya gama jami'a, ya yi aure. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kan sami kamar yaro 1 mai otizim cikin kowane 100, kuma an fi gane shi ga maza.

Bambancinsa Da Hauka

Wanda talakawa ke kira mahaukaci galibi mutum ne da ya tashi lafiya lau, sa'an nan bayan ya balaga ya sauya. Ya kan ji muryoyin da babu su, ya yi zaton ana farautarsa, kuma akwai magungunan da ke kwantar da ciwon. Mai otizim kuwa bai sauya daga komai ba, da halinsa ya tashi. Kururuwarsa tana da dalili: ƙara ta yi masa yawa, ko an sauya masa abin da ya saba, ko wani wuri na yi masa ciwo alhali ba shi da bakin faɗa. Babu ƙwaya ko allurar da ke raba mutum da otizim. Abin da ke amfaninsa shi ne koyarwa da haƙuri. Sai dai wasunsu suna haɗawa da farfaɗiya ko rashin barci, waɗannan kuwa suna da magani a asibiti.

Yadda Aka Rikita Su

Ba talakawa kaɗai suka yi wannan kuskure ba, likitocin Turai ma sun daɗe a cikinsa. Wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya yaɗa kalmar a 1911, yana nufin keɓewar da wasu masu taɓin hankali ke yi. A 1943 likita Leo Kanner na birnin Baltimo a Amurka ya ari kalmar ya bayyana yara 11, ya ce da abin aka haife su. Duk da haka aka shekara da yawa ana lissafa su cikin masu taɓin hankali, har wasu masana suka ɗora wa uwaye mata laifi, wai rashin ƙaunarsu ne ya jawo. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye haihuwa 21 a Ingila, suka ga tagwaye masu kama ɗaya sun fi tarayya a kansa, watau gado yana da babban hannu a ciki. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da otizim daga jerin hauka, ta sa shi cikin larurorin girman yaro. A nan ya ke kuma cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022.

Ke nan ba laifin uwa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce. Jita-jitar rigakafin ta samo asali ne daga wani rahoto na 1998 a Landan kan yara 12, wanda aka soke a 2010, aka kuma hana mai shi aikin likita. Binciken da aka buga a 2019 kan yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmak bai sami wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba.

Aikin Hakimi Da Magatakarda

1. Kada a rubuta "mahaukaci" a littafi ko a takardar turawa asibiti. A rubuta shekarun yaro da abin da aka gani kawai, misali, "Ba ya magana, ba ya amsa kira."

2. A tura iyaye wurin likitan yara a babban asibiti, a fara da gwada jinsa, domin sanƙarau da ƙyanda su kan bar yaro kurma. In an wuce da shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a bayyana wa iyaye cewa wannan ba shaidar hauka ba ce.

3. A hana ɗauri da duka da turara hayaƙi. Addu'a alheri ce, amma bulala ba ta buɗe bakin yaro, sai ƙara masa tsoro. Ko mai taɓin hankalin ma ba a yarda a wulaƙanta shi ba: dokar mahaukata ta 1958 ta kau tun Janairu 2023, sa'ad da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

4. A umurci masu unguwanni su sa a rufe rijiyoyi, a kuma sa ido a kan kududdufai da damina, domin waɗannan yara su kan sulale daga gida, ruwa kuwa yana jansu.

5. A yi wa shugaban makaranta da malamin allo magana su karɓe shi. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi. A koya masa abu ɗaya ɗaya, da gajeriyar magana da nuni, a kan lokaci ɗaya kullum. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

6. In miji ko danginsa suka tsangwami matar saboda yaron, hakimi ya kira su ya yi musu nasiha.

Abin Koyi

Na farko cikin yara 11 na likita Kanner shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi. Yana ƙarami aka kai shi gidan renon marasa lafiya, bayan kamar shekara guda iyayensa suka ɗauko shi suka dawo da shi gida. Mutanen garin suka karɓe shi a matsayin nasu. Ya gama kwaleji, ya yi aikin banki shekaru masu yawa, ya tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashen duniya, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Bai rabu da otizim ba ko na rana ɗaya, garinsu ne dai ya ba shi wurin zama. Wannan kuwa abu ne da kowane hakimi ke da ikon yi a ƙasarsa.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban dagatai da masu unguwanni da limamai. Allah ya sa a yi aiki da ita.