Yadda Ake Zaɓen Inji da Giya na Akori-kura a Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, ta ratsa Gidan Rumji, ta goga Maraɗi, ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. A kanta kowace mota lafiyayya tana tafiya. Amma gero da wake da gyaɗa da ayar da ake nema ba a bakin kwalta suke ba. Suna can cikin ƙauyukan jigawa, inda rairayi ke riƙe taya da rani, da kuma gaɓar Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi, inda laka ke riƙe ta da damina. Saboda haka wanda zai sayi akori-kura don neman abinci a wannan yanki, ya ajiye zancen yawan doki a gefe tukuna. Abubuwa uku ne za su yanke masa shawara: hanyar da zai bi, man da zai samu, da makaniken da zai iya kaiwa gare shi ranar da ta tsaya.

Da farko, auna aikin

Zauna ka rubuta kasuwannin da kake ci a mako, da nisan kowace, da yadda tafiyar ta kasu tsakanin kwalta da burji da rairayi. Mai jigila tsakanin Cadawa da Maraɗi kusan duk rayuwar motarsa a kwalta take. Mai shiga ƙauyukan Gangara, ko Cadakori da Gidan Sori, rabin yininsa cikin yashi yake ƙarewa. Waɗannan mutum biyu bai kamata su sayi mota iri ɗaya ba.

Sannan ka faɗa wa kanka gaskiyar lodin. Hilux an yi ta ne don kaya kusan tan ɗaya, Land Cruiser 79 mai gida ɗaya kuwa ta ɗara haka kaɗan, kuma nauyin direba da yaron mota da fasinja yana cikin lissafin. Buhu goma na kilo ɗari-ɗari sun cika tan ɗaya. In kullum buhu ashirin da biyar kake son ɗorawa, babu injin akori-kura da zai fisshe ka, ƙaramar babbar mota irin Dyna ko Canter kake buƙata. Ƙara ganyen sifirin yana hana bayanta zama, amma ba ya ƙara wa kuloci ko birki ko shasi ƙarfi.

Na biyu, fetur ko gazuwal

Shekaru da dama wannan tambaya tana da amsa mai sauƙi a jihar Maraɗi, domin ruwa-ruwa, wato fetur ɗin da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ya fi na gidan mai arha nesa ba kusa ba. Daga 29 ga Mayu 2023, da Najeriya ta janye tallafin fetur, lissafin ya juya, jama'a suka koma kan man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A watan Yuli 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499, ta gazuwal zuwa 618. Ka lura, a nan gazuwal ne mai tsada.

Yi lissafin da kanka. A ce motar gazuwal tana shan lita 11 a kilomita 100, ta fetur kuma lita 14: da farashin 2024, ta farko sefa 6,798 ke nan, ta biyu 6,986. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba a kwalta. Cikin yashi da lodi ne take buɗewa, domin injin fetur sai an taka shi sosai yake ba da ƙarfi, shansa kuma ya hau. Kada ka yarda da adadin da dillali ya faɗa. Cika tanki, yi tafiyar kasuwa ɗaya, sake cikawa, ka raba.

Injin fetur yana da nasa alherin. 2TR mai lita 2.7 na Hilux, da 1GR mai silinda shida da lita 4.0 na Land Cruiser, dukansu da kaca suke aiki maimakon bel ɗin taimin, gyaransu bai kai na gazuwal tsada ba, kuma sun fi jure man da aka ɗura daga jarka. Ga mai yawan kwalta da matsakaicin kaya, 2TR zaɓi ne na hankali.

Na uku, in gazuwal ne, tsohon yayi ko sabo

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta, don haka sai a bi a hankali.

Tsohon yayi shi ne irin 1HZ, wanda Toyota ta fito da shi a 1990: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, ƙarfinsa kusan doki 130. Haka 3L da 5L na Hilux. Ba su da gudu, a hawan tudu suna nishi, amma famfon mansu da nozul ɗinsu makanikai a Maraɗi sun san su ciki da waje, kayansu kuma ana samu a Maraɗi da Katsina da Kano. Amfanin 1HZ shi ne yana ja tun daga ƙasa, ba sai ya yi ƙara ba, abin da rairayi ke so ke nan.

Sabon yayi shi ne wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansa: 2KD da 1KD masu alamar D-4D, sannan 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8 da suka fito a 2015. 2GD, duk da ƙanƙantarsa, yana ba da doki 150 da ƙarfin murɗa da ke kaiwa Nm 400, alhali 1HZ bai wuce 285 ba, kuma ya fi shi tsimin mai. Sai dai yana tura man da matsi mai tsananin gaske, a sababbin har ya haura bar 2,000, ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani. Ruwa kaɗan ko ƙura kaɗan a cikin man sun isa su kashe injekta, kuɗin injekta huɗu kuwa zai iya cinye ribar kaka guda. Kuma in fitilar inji ta kama, sai da na'urar bincike ake gane ciwon, wadda ba kowane gareji ke da ita ba.

Ra'ayina a fili yake. Wanda yake kwana a ƙauye, yana ɗura mai daga duro, ya nemi 1HZ ko 5L mai lafiya. Wanda yake shan mai a gidan mai sananne kuma yake shiga Maraɗi kowane mako zai ji daɗin 2GD, da sharaɗin ya ƙara matatar da ke raba ruwa da mai kafin ta kamfani, ya riƙa tsiyaye ta.

Ka yi hattara da motocin gazuwal da aka ƙera don Turai ko Amurka. Na shekarun baya-bayan nan suna ɗauke da matatar hayaƙi a salansa, wasu har da tankin ruwan AdBlue, kuma an tsara su ne don man da aka cire wa sinadarin farar wuta kusan gaba ɗaya. Manyan Ford F-250 da Ram 2500 masu injin lita 6.7 suna jan tan da dama a hanyoyin Amurka, amma a Gazawa ƙaramin firikwensin da ya mutu zai ajiye su wata da watanni ana jiran saƙo. Tambayi dillali kasuwar da aka ƙera motar dominta, ka leƙa ƙarƙashinta ka tabbatar.

Wani abu kuma: kada ka bari a ɗora wa 1HZ turbo don ƙarin gudu. Fistin ɗinsa ba a yi su don wannan zafin ba, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40.

Na huɗu, giya

Giyar hannu ita ce ta wannan ƙasa. In batir ya yi sanyi ana tura ta ta tashi, in kuloci ya ƙone ana sauya shi cikin yini ɗaya. Otomatik tana da fa'ida guda babba a yashi, ba ta katse ƙarfi lokacin sauya giya, kuma direba sabon hannu ba zai ƙona kuloci ba. Tun 2023 ma ana samun Land Cruiser 79 da injin 1GD da otomatik mai giya shida. Amma da lodi cikin rairayi manta yana zafi ƙwarai, ba a tura ta ta tashi, jan ta da igiya mai nisa yana lalata ta in ba a kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi ba, gyaranta kuma sai babban gari. In ita ka zaɓa, sa a ƙara mata na'urar sanyaya mai, kuma kada a zuba mata wani mai sai wanda littafinta ya ambata.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci ga mai shiga daji shi ne ƙaramar giyar da ke gefen babbar, mai H2 da H4 da L4. L4 tana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, tana rage gudu daidai haka. Da ita mota mai lodi ke tashi daga yashi ba tare da an murza kuloci ba. A shiga H4 tun kafin a faɗa rairayi, a tsaya cak kafin a sa L4, a sassauta iskar tayoyi kaɗan, in an hau kwalta a koma H2 a mayar da iskar. Barin ta cikin H4 a busasshiyar kwalta yana murɗe ƙarafan cikinta. In ƙafafun gaba masu makulli ne da ake juyawa da hannu, a tuna da juya su, in ba haka ba tayoyin baya ne kaɗai ke ja.

Da cikakken lodi, a zauna a giya ta huɗu muddin injin bai ɗauki gudu ba. Ta biyar don sakin jiki ce a miƙaƙƙiyar hanya, kuma ita ke fara mutuwa a hannun mai son tsimin mai da ƙarfi da yaji.

Na biyar, gwajin ranar ciniki

Je da makanikenka, ba na dillali ba, kuma ka je da sassafe. Taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa, domin injin da ya gaji yana ɓoye aibinsa in an ɗumama shi. A tayar, ka tsaya a baya. Shuɗin hayaƙi alamar cin baƙin mai ce. Baƙi mai yawa, nozul ne ko matatar iska. Farin da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, ana zargin ruwa na shiga silinda. Buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki, in yana huci da ƙarfi, zobban fistin sun cinye. Kafin a tayar, buɗe lagireto tun da sanyi, sannan in injin ya tashi ka duba ko kumfa na tasowa ba tsayawa.

Tambayi lokacin da aka sauya bel ɗin taimin a 1HZ da 5L da 2KD. Gwargwadon samfuri, kamfani ya sa kilomita 100,000 ko 150,000. In babu shaida, ka cire kuɗin sabon bel daga farashi, ka sauya shi kafin lodin farko, domin in ya tsinke fistin da bawul ne za su haɗu.

Sai a ɗora mata buhuna a fita. A giya ta huɗu, a ƙaramin gudu, a taka mai gaba ɗaya: in ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. A saki mai a kowace giya a ga ko tana fita da kanta. A nemi yashi na gaske a gwada H4 da L4. In an taɓa sauya aksul na gaba ko na baya, a tabbatar haƙoransu lissafi ɗaya ne, in sun saɓa, motar za ta riƙa yaƙi da kanta duk lokacin da aka haɗa ƙafa huɗu. Daga ƙarshe a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardun mota da na duwan.

In ciniki ya faɗa, kafin ta fara aiki a yi mata juye, a sauya matatun mai da na iska, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na rijiya. In an cire mata tamostat, kamar yadda wasu ke yi da sunan maganin zafi, a sayi sabo a mayar. Lokacin buji kuwa, matatar iska kowane mako ake duba ta.