Abin Da Azarar Zariya Da Sassaƙar Japan Ke Koya Mana Game Da Itace

Ko mai karatu ya taɓa lura da cewa ƙofar katakon da ke cijewa a watan Agusta, har sai an sa mata kafaɗa, ita ce kuma ke lilo a cikin hunturu? Ba aljanu ba ne, ba kuma laifin kafinta ba ne. Itace ne ke shan raɓar iska ya kumbura, ya kuma fitar da ita ya tsuke, ko da an shekara ɗari da sare shi. Duk mai aiki da itace, a Zariya yake ko a Japan, da wannan hali yake kokawa.

Idan aka yanko siririn ɓallin maɗaci aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga dubban bututu jere da juna, sun miƙe daga saiwa zuwa reshe. Ta cikinsu ruwa ke hawa sa'ad da bishiya ke raye. Bangon kowane bututu an gina shi ne da zaren selulos, aka kuma dame shi da wani sinadari mai tauri da ake kira lignin, kamar yadda magini ke cuɗa ƙasa da ciyawa. Selulos na son ruwa. In ya sha, zaren ba ya ƙara tsawo, sai dai ya yi kauri. Saboda haka ɗanyen itace in ya bushe ƙayau, tsawonsa ba ya raguwa da abin da ya kai kashi 1 cikin 100. Amma daga tsakiya zuwa ɓawo yakan tsuke da kimanin kashi 4, a kewaye kuwa da kimanin kashi 8. Wannan rashin daidaito shi ke tsaga turmin da aka sassaƙa da ɗanyen gungume: kewayen na neman tsukewa fiye da yadda cikin zai bari, sai ya dare. Masassaƙanmu ba su san waɗannan alƙaluma ba, amma sun san ƙirya ce itacen turmi, aduwa ta allo, sun kuma san ba a busar da aiki a tsakar rana.

To, mu shiga cikin birni. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Mai kallo ƙasa yake gani, amma ƙashin ginin azara ce, wato tsagin giginya. Giginya kuwa ba irin maɗaci ba ce. 'Yar'uwar dawa da rake ce a tsarin jiki: jijiyoyinta a warwatse suke, sun yi cunkoso da tauri a gefe, tsakiyar kuma taushi gare ta. Shi ya sa ba a yanka ta katako. Tsaga ta ake yi bisa tsawo, a ɗauki gefen, wanda gara ba ta cika iya masa ba. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita 2. Dabarar magina ita ce su dasa azara a bango, su ɗora wata ta ɗan zarce ta, su ɗaure da igiya, su shafe da ƙasa, su jira ta bushe, sannan su ƙara wata, har hannu biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. Babu ƙusa ko ɗaya. A shekarun 1970 an yi sabon gini ya lulluɓe tsohon, kuma akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

Mutanen Japan sun bi wata hanyar, domin itacensu daban ne. Suna da hinoki, mai miƙaƙƙen zare da jure ruɓewa. Kafintocinsu sukan fere kan wani katako ya zama harshe, su huda rami daidai shi a jikin wani, su cusa, su kulle da turun itace. Wasu sukan ɗan bubbuga harshen da guduma kafin su cusa, don bututun nan su matse; in ya shaƙi raɓa sai ya kumbura a cikin ramin ya riƙe gam. Ashe abin da ke cije ƙofarmu shi suka mayar bawansu. (Yawan faɗin da ake yi cewa ba sa amfani da ƙusa sam akwai ƙari a ciki. Suna sa ƙusar maƙera a wasu wurare, sai dai ba ita ke ɗauke da ginin ba.)

Zartonsu ma abin lura ne. Namu turawa ake yi ya yanka, nasu jawowa ake yi. Ƙarfen da ake ja ba ya lanƙwashewa, don haka ana iya yin sa siriri ƙwarai, yankan ya fito sumul, ɓarnar katako ta ragu. Mai riƙe da gizago, wanda shi ma wajen jikinsa yake sara, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Shaidar ingancin wannan aiki tana wurin ibadar Horyuji, kusa da birnin Nara, wanda aka kafa a 607, aka sake ginawa bayan gobarar 670. Hasumiyarsa mai hawa 5 tana tsaye har yau a ƙasar da girgiza ba baƙuwa ba ce, kuma cikin dalilan da masana ke bayarwa akwai cewa mahaɗan suna ɗan motsi suna gugar juna, ƙarfin girgizar ya lalace a nan. Da aka ƙidaya zoben shekarun ginshiƙin tsakiya, an gano a 594 aka sare bishiyar. Azararmu ba za ta ba da irin wannan labari ba, domin giginya ba ta yin zobe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun magada. A Ise, duk shekara 20 ake sake gina wurin ibadarsu daga tushe, na baya-bayan nan a 2013, ta haka yaro ke koya a hannun dattijo. A 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon 'yan Adam. Mu kuwa giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, ana sara ba a shukawa, ɗalibanmu kuma na ganin sassaƙa aikin wanda bai yi boko ba ne.

Ga aikin da malami zai iya ba ajinsa. A samo gutsuren katako mai kusurwa huɗu a watan Agusta, a auna tsawo da faɗi da kauri da nauyi, a rubuta. A ajiye shi a inuwa cikin aji, a sake aunawa a watan Fabrairu. Sannan a kai sakamakon wurin wani masassaƙi a cikin gari, a tambaye shi ta wane gefe yake tsammanin katakon ya fi tsukewa, tun kafin a nuna masa takardar.