Darasin karatu: Shaihu Umar, yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa

A cikin littattafan Hausa na boko akwai wani ɗan ƙarami mai suna Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi, lokacin yana malamin lakwal a Bauci. An buga shi a Zariya cikin shekara ta 1934. Daga baya marubucin ya zama firaministan Najeriya, har aka kashe shi a watan Janairu na 1966.

Labarin ƙage ne. Amma zamanin da ya faru a ciki ba ƙage ba ne. Zamanin hari ne da cinikin bayi, kafin zuwan Nasara.

An haifi Umar a Kagara. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani barden sarki. Bayan wani hari, abokan gaba suka yi wa Makau sharri, suka ce ya ɓoye wa sarki bayi. Sarki ya kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta, ta tafi ganin iyayenta, ta bar yaron hannun wata mata. A nan wani mutum ya yaudare shi, ya sace shi. Daga hannu zuwa hannu, yaro ya kai Kano. Wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Umar ya zama babban malami.

Wanda ya tsaya nan zai ce bauta ta yi wa Umar rana. To, sai a dubi uwar.

Ba ta zauna tana kuka ba. Ta ɗaura zane, ta shiga duniya neman ɗanta. A Kano ta ji labarin inda aka kai shi. Wani ya ce zai kai ta, ta yarda, don ba ta da wata dabara. Ashe mayaudari ne. Aka mai da ta baiwa a Murzuk, ta sha wuya, har aka kai ta Tarabulus. Can ta ga ɗanta bayan shekaru masu yawa. Ta gan shi, rai ya yi halinsa. Wannan shi ne wuri mafi nauyi a littafin. Marubucin bai yi dogon wa'azi a kai ba, kuma ya kyauta da bai yi ba.

Akwai wani abu da mai karatu zai lura da shi. Makau mutumin kirki ne a gidansa, amma sana'arsa kamun mutane ce. Ɗiyan wasu ya kamo, ga shi an kama na gidansa. Yara da yawa ba su ganin wannan sai babba ya nuna musu.

Hanyoyin da bayi suka bi suna cikin ƙasar Nijar ta yau. Ɗaya ta taso daga Kano, ta bi Damagaram da Damargu da Agadas, ta wuce Gat zuwa Tarabulus. Ɗaya ta taso daga Kukawa ta Barno, ta bi Gigimi da Bilma zuwa Murzuk. Tafiyar watanni ce, daga rijiya zuwa rijiya. Fatake kan raƙuma, bayi a ƙasa. Wanda ya kasa, a bar shi. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram babban zango ce ta wannan fatauci.

Hana abin bai zo rana ɗaya ba. Faransa ta kafa dokar hana bauta a ƙasashen da ta mallaka na Afirka ta Yamma a 1905. A arewacin Najeriya, sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya, wato shekara 2 bayan fitowar littafin. Ke nan waɗanda suka fara karanta shi sun san bayi ido da ido. A 1976 Adamu Halilu ya mai da labarin sinima.

Littafin bai da tsawo, Hausarsa kuma mai sauƙi ce. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya karanta shi shafi-shafi, da dare, yara na saurare. In yaro ya tambaya ko abin ya ƙare, kada a ce masa tatsuniya ce.

A 2003 Nijar ta yi doka: mai bautar da mutum zai sha kaso na shekara 10 zuwa 30. Hadijatu Mani, ƴar jihar Tawa, tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996, kan jika 240. Ta kai ƙara. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a Yamai. Ta ce gwamnati ba ta kare ta ba, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa.