Amsar Tambaya: Neman Aya a Tsohon Wa'azi

Wani almajiri daga Falanko, a Damargu, ya gaji takardun wa'azin kakansa, cike da ayoyi ba sunan sura. Yaya zai gano su?

Malam, Allah ya jiƙan kaka. Magabata da ka suke jawo aya, wani lokaci rabinta kawai. Masu binciken tsoffin huɗubobin Ingila ma haka suke fama, suna gwada Baibul na Geneva na 1560 da na Sarki James na 1611.

Zaɓi baƙuwar kalma ɗaya, ka nemi tushenta a littafin Mu'ujamul Mufahras na Abdul Baƙi. Lambobin ayoyi kan saɓa, domin a ruwayar Warshu ayoyi 6214 ne, a ta Hafsu 6236. Wadda ta ƙi samuwa, wataƙila hadisi ne. Kai ta wurin malamin hadisi.

Kada ka yi gyara a jikin takardun, rubuta a littafi daban.