Tafiya Yamai don ganin gari: a shirya tun daga gida

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne mutum ke samun sararin kansa. Darasinmu na yau a kan tafiya ne, tafiya zuwa Yamai, babban birnin ƙasarmu.

Da yawa cikinmu sun taɓa zuwa Yamai. Amma in ka tambaye su abin da suka gani, sai su ce tasha da likita. Wani ya kai marar lafiya, wani ya je neman takarda, wani cin rani ya kai shi. Ya sauka a gajiye, ya koma a gajiye. Akwai wata tafiya dabam. Mutum ya ɗauki kwana huɗu, shi da maiɗakinsa ko da abokinsa, ya ga gari a natse, ya ci abincin da bai saba ba, ya komo da labari. Ba sai mai kuɗi ba. Amma tana son shiri, kuma a gida ake shirin, da alƙalami da takarda.

Lissafin kuɗi

A fara da rumbu. Hatsin da iyali za su ci har sabo ya nuna, ba a taɓa shi don yawo. Irin shuka ma haka. Abin da ya ragu daga wake, ko gujiya, ko albasa, ko ɗan bunsurun da ka saida, shi ne kuɗin tafiya. In bai kai ba, a bari sai baɗi. Yamai ba za ta gudu ba.

Ga misali don koyon lissafi. A ce kana da jika 60. Ka je tasha ka tambayi kuɗin mota, a ce zuwa da komowa jika 24. Saura jika 36. Ka ware jika 6 don larura, ka ware jika 10 don tsaraba. Saura jika 20. Ka raba su kwana 4, kowace rana jika 5. A cikin jika 5 ɗin nan za ka shiga taksi, ka ci abinci, ka biya kuɗin ƙofa inda ake biya. Lambobin nan misali ne. Kuɗin mota na gaskiya a tasha ake jinsa, don yana canzawa.

Kuɗin komowa kuwa, ka manta da su tun ranar da ka tashi. Kada ka haɗa su da na kashewa. Ba dole ba ne ka ɗauki duka kuɗinka a aljihu. Kana iya zuba wani kashi a Nita ko Amana, ka riƙa karɓa kaɗan-kaɗan a can.

Wane lokaci?

Lokacin sanyi ya fi, watan Disamba da na Janairu. A watan Afrilu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ba mai jin daɗin yawo. Da damina kuwa ga aikin gona, ga ambaliya. A shekarar 2020 kogi ya cika ya shiga gidaje da yawa a unguwannin bakin ruwa.

Masauki

Kada ka faɗa ma ɗan uwanka na birni kamar ruwan sama. Ka kira shi ta salula tun da saura mako guda. Ka faɗa masa ku nawa ne, kwana nawa za ku yi. Zaman birni ba kamar na ƙauye ba ne. Ɗaki na haya ne, ruwa na saye, iccen dafuwa na saye. Baƙon da ya zo da tiya biyar ta hatsi, da albasa, da ɗan ƙuli-ƙuli, ya rage ma uwargida nauyi. Wanda ya ce kwana huɗu kuma, ya tashi ran na huɗu.

Ka rubuta sunan mai masaukinka, da sunan unguwarsa, da lambar salularsa a takarda biyu. Ɗaya a aljihu, ɗaya cikin jaka. Salula tana mutuwa, tana ɓata, takarda ba ta son caji. Ka rubuta kuma wani wuri sananne kusa da gidan, masallaci ko gidan mai ko kantin magani. Da irin waɗannan wurare masu taksi ke gane inda za ka. Bukoki, Zango, Wadata, Yantala, Gamkalle, Talaje, duk sunayen unguwanni ne, kuma kowace ta fi garinmu girma.

Hanya

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Maraɗi wajen 660, daga Tawa wajen 550. Babbar hanya tana bi ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Galmi, Kwanni, Dogon Dutsi da Doso. Mutanen Tawa suna haɗuwa da ita a Tsarnawa. Manyan motoci da asuba suke tashi, saboda haka a yanki tikiti tun ana gobe tafiya. Ka riƙe tikitinka har ka karɓi kayanka. Katin ɗan ƙasa ya kasance kusa, don akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. In kwanan katinka ya ƙare, ka sake shi kafin ka tashi.

Bayan Doso, wajen kilomita 60 kafin Yamai, akwai Kure. Ka zauna kusa da taga. In an yi sa'a za ka hangi raƙumin dawa yana cin ganye a kan icce. Irinsu sun ƙare a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, sai nan ƙasarmu. A 2018 an kai waɗansu Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Amma kallo ta taga ya isa. A 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum 8 a dajin nan. Baƙo ba ya fita wajen birni sai ya ji shawarar ƴan gari.

Rana ta farko: hutu da kogi

Kuskuren baƙo shi ne son ganin komai rana guda. Ya fita da safe, ya yi ta shiga taksi, ya komo ƙafa ta kumbura, kuɗi sun ƙare. A'a. Kowace rana abu guda babba. Da azahar a komo gida a huta.

Ran farko ta gaisuwa ce. Da la'asar sakaliya sai a je bakin kogin Kwara. Wanda ya tashi inda sai gulbin damina da rijiya mai gaba ashirin, zai daɗe a tsaye. Abin mamaki, a tsakiyar rani, cikin Janairu, kogin a cike yake. Dalili kuwa, ruwan da aka yi da damina a duwatsun ƙasar Gine yana yin watanni a hanya, ya ratsa Mali, kafin ya iso Yamai. Za ka ga masunta cikin jiragensu, ga masu wanki sun shanya tufafi, ga garake na salati da kabeji.

Tsohuwar gada ita ce gadar Kenedi, an buɗe ta a 1970. Kafin nan da jirgin fito ake ƙetarewa. An ƙara ta biyu a 2011, ta uku a 2021. A ƙetaren akwai Haro Banda, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Kada ka ɗauki hoton gada, ko barikin soja, ko fadar shugaban ƙasa. Ana kama mutum a kan haka.

Rana ta biyu: gidan tarihi

In abu guda kaɗai za ka gani a Yamai, to ya zama gidan tarihi na ƙasa, wanda ƴan birni ke ce ma Muze. An kafa shi a 1959. Yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubuci, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Ka tambayi mai masauki ranaku da lokacin buɗewa, ka je da safe kafin rana ta yi zafi.

Akwai namun daji: zaki, kura, kada, dorina. Yaranmu suna jin zaki da kura cikin tatsuniya, ba su taɓa ganinsu ba. Akwai ƙasusuwan waɗansu manyan dabbobi da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas. Sun rayu shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin ke da koguna da itatuwa. Cikinsu har da wani kada mai tsawo kamar babbar mota. Mai kallo ya tsaya ya yi tunani: inda yau babu ko ciyawa, can ne kada ya zauna.

Akwai kuma iccen Tenere. Shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar rairayi, ayarin gishiri suna gane hanya da shi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi. Duk faɗin hamada, direba bai sami abin bugewa ba sai shi! Aka ɗauko gungumen aka ajiye a nan.

Can gefe an gina gidaje irin na Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa. Ga ɗakunan tufafi da kayan kiɗa da makaman da. Ga maƙeran azurfa, da dukawa, da masaƙa suna aiki a gabanka, kana iya sayen abin da suka yi. Bayanin da ke jikin kaya da Faransanci aka rubuta. Ka tafi da ɗan lakwal na gidan masauki ya fassara maka. Shekaru da lambobi kuwa kai da kanka za ka karanta, tun da ka koya.

Rana ta uku: kasuwa

Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Atamfa, shadda, takalma, turare, babu abin da babu. Kasuwar Katako kuwa ta masu aikin hannu ce: ƙarafa, katako, ƙyamare, da tukwanen da ake zubawa daga tsohon sanholo. Manomi zai fi jin daɗin Katako. Ka zaga ka ji farashi wuri uku kafin ka taya. Kuɗi a aljihun gaba. Wanda ba ka sani ba ya ce zai raka ka inda ya fi araha, ka gode masa ka wuce.

Ana jin Hausa ko'ina a kasuwa. Amma Yamai ƙasar Zabarmawa ce, gaisuwa da harshensu tana buɗe fuska. "Fofo" sannu ce, kuma godiya ce. "Marje no?" nawa ne. Su ma da dala suke ƙidaya kamarmu.

In Juma'a ta same ka, ka je babban masallaci, wanda aka gina da taimakon ƙasar Libiya.

Abinci

Tuwo da fura muna da su gida. Wanda ya je Yamai ya ɗanɗana na wasu. Da safe ga mai shayi da burodi da ƙwai, ga mata masu suyar fari masa, wato fanken Zabarmawa. Da rana ka nemi dambu da kopto, wato zogala da aka kwaɓa da ƙuli-ƙuli. Akwai dunguri soko, faten wake ne mai riƙe ciki, ga araha. Akwai shinkafa da kifi irin dafuwar Sanagal. Akwai acake na mutanen Kodebuwa, da rogo ake yinsa, a ci da soyayyen kifi da albasa da tonka.

Da dare sai gasasshen kifin kogi. Giwan ruwa shi ne sarkinsu, ga nama, ƙaya kaɗan. Yana da tsada, amma sau ɗaya ba ya talauta mutum. Shawararmu, ka ajiye wannan sai daren ƙarshe, ka gayyaci mai masaukinka, kai ka biya.

Ka tambayi kuɗin abinci kafin a zuba maka. Ka ci mai zafi, wanda aka dafa a gabanka, inda mutane ke yawan saye. Ka wanke hannu da sabulu. Salati da ɗanyen ganye, in ba ka ga yadda aka wanke ba, ka bar su. Gudawa tana cinye kwana biyu cikin huɗu, ta cinye kuɗin larura.

Rana ta huɗu

Da safe a yanki tikitin komowa. Bayan nan a sayi tsaraba da jikunan da aka ware: kilishi, sabulu, turmin atamfa na uwargida, littafi da alƙalami na yara. Da marece a yi sallama da ƴan uwa, a ɗaure kaya, a rubuta suna da sunan gari a jikin kowane buhu. A kwanta da wuri, mota ba ta jiran kowa.

Aikin aji

Kowa ya rubuta sunayen garuruwan da zai ratsa daga garinsu zuwa Yamai, bi da bi.

Mutum yana da jika 75. Kuɗin mota jika 30, tsaraba jika 12, larura jika 8. Zai yi kwana 5. Jika nawa zai kashe kowace rana?

Ku rubuta ma ɗan uwanku na Yamai wasiƙa gajera. Ku faɗa masa ranar zuwanku, ku nawa ne, da ranar da za ku komo. A kawo ma malam ranar karatu mai zuwa.