Wasiƙa Ga Matasan Da Ke Shirin Tafiya Maroko

'Ya'yana maza da mata, 

Kawunku mai wannan wasiƙa ya yi wata uku a Maroko, amma tun da ya dawo ba a tambaye shi komai ba sai farashin jallabiya da turare. Abin da ya sa ya ɗauki alƙalami ke nan. A cikinku akwai masu zuwa karatu, akwai 'yan kasuwa, akwai masu ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Da yawa za su dawo da hoton filin jirgi da na ƙofar zawiyya kawai, alhali ƙasar tana can shimfiɗe a bayan gari ba su taka ta ba.

Ko Fas ɗin ma a ƙafa ake saninta. Mota ba ta shiga lungunan tsohon gari, jaki da alfadari ke kai kaya, kuma duk wanda ya ji an ce "balak" ya manne da bango. Ku je masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859, sannan ku hau soron masu sayar da fata ku leƙa majemar Shuwara. A bakin ƙofa za a miƙa muku reshen na'ana'a ku kara a hanci saboda wari. Kawu dai dariya ya yi ya mayar musu, don wanda ya tashi kusa da majema a Kano ba a tsorata shi da warin jima. Fatar jar akuyar Sakkwato ma da ayari ke ƙetara hamada da ita, in ta isa Turai, fatar Maroko ake kiranta.

Amma abin da ya fi tsaya wa Kawu a rai shi ne dutsen Tubƙal, mai tsayin mita 4,167, wanda babu kamarsa a arewacin Afirka. Daga Marakish ake hawa mota, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi zuwa ƙauyen Imlil. A nan ake ɗaukar ɗan jagora, don yanzu ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, a kuma yi cinikin alfadarin da zai ɗauki jaka. Kada ku matse ciniki da mutanen nan. Girgizar ƙasar Satumba 2023 ta yi wa ƙauyukan yankin mummunar ɓarna, kuma da kuɗin baƙi suke rufa wa kansu asiri.

Ranar farko ta hawan dutsen tafiyar awa biyar ce zuwa shida, a wuce wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti a Sidi Shamharush, a sha shayi, a ci gaba har masaukin da ke kusan mita 3,200. A nan Kawu ya san cewa hunturun da yake kuka da shi a gida wasan yara ne. Ruwan alwala kamar reza a hannu. Kai ya riƙa sarawa, abinci ya ƙi shiga, barci ya gagara. Ƙarancin iska ne ke jawo haka, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum. Wani saurayi ɗan ƙwallo da ya yi ta wuce kowa da rana, shi ne ya kwana yana amai, gari na wayewa jagora ya ce a sauko da shi. Wanda ya ji ciwon kan yana ƙaruwa, ko jiri ya kama shi, ya faɗa wa jagora, kada girman kai ya kai shi ga halaka.

Da asuba ake tashi, kowa da tocilan ɗaure a goshi, a bi wata gangara mai tsakuwa, taku biyu gaba ɗaya baya. Jagoran, Ba'amazige mai ƙarancin magana, kalma ɗaya yake maimaitawa: "shwiyya, shwiyya", wato sannu sannu. Bayan awa uku da wani abu sai ga dalar ƙarfe da aka kafa a ƙololuwa, tsaunukan Atlas sun jeru ƙasa da ƙafar mutum, rana tana ɗora musu ja. Mutumin da Dala da Gwauron Dutse ne iyakar hawansa, sai ya zauna a kan dutse ya rasa abin faɗa sai tasbihi.

Kuskuren Kawu takalmi ne. Ya ƙi karɓar hayar na hawan dutse a Imlil, wai kambas ɗinsa sabo ne. A saukowa yatsu suka yi ta dukan bakin takalmi, farce biyu suka yi baƙi, daga baya suka fita.

Hamadar Marzuga kuwa, in kuɗi ya yi kaɗan, a iya taƙaita ta. Tudun yashin yana da kyau da hantsi, wasu sun kai mita 150, amma wanda ya san kasuwar Maigatari zai ji nauyin biyan kuɗi don a ɗora shi a raƙumi a ja shi kamar amarya. Gara ku tsaya a Risani, ku nemi kufan Sijilmasa, inda Ibn Battuta ya bi ayari zuwa Mali a 1352. Ganuwar ƙasa ce da ta zube, kuma lokacin da Kawu ya je babu mai gadi, babu layin masu ɗaukar hoto. Kawu ya yini a wurin da ƙafa ɗaure da bandeji, ya ci madfuna, gurasar da ake cusa wa nama da albasa, ya kama motar dare zuwa Fas.

A gaida iyaye. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Naku,
Kawu